NA GA ALLURA A GIDAN FATALWA, BAN GA ƊANA A GABANA BA



'Yan'uwa masu bibiyar wannan shafi, rubutun yau zai ɗan yi tsawo. Ku yi haƙuri ku kai ƙarshensa, domin akwai laifina a ciki, kuma ina so ku ji shi daga bakina.

Makonni uku da suka wuce wata baiwar Allah ta turo mini saƙo. Ta ce: "Malam, don Allah ina da tambaya. Ina da yarinya 'yar shekara 15. Ba ta yawo, ba ta da rashin kunya, karatunta ma Alhamdulillah. Abu ɗaya ne ya dame ni. Akwai wani gem da take bugawa a waya, na wani tsohon gida mai duhu, ana neman abubuwan da aka ɓoye a ciki, ga kukan mujiya, ga fatalwa tana giftawa. Tun da ta fara, da daddare ba ta iya fita tsakar gida sai an raka ta, amma kuma ta ƙi dainawa. Malam, wannan gem ɗin halal ne ko haram?"

Abin da ya fi mini sauƙi shi ne in rubuta mata kalma ɗaya, in ce haram. Da ta yi godiya, ta ƙwace wayar, ni ma in wuce tambaya ta gaba. To amma malamanmu sun koya mana cewa ba a yanke hukunci a kan abu sai an san kamanninsa, kuma haramta abin da Allah bai haramta ba shi ma ɗaukar kaya ne, kamar halatta abin da Ya haramta. Sai na ce mata ta ba ni 'yan kwanaki. Na sa wani ɗalibina ya sauke mini irin wasan a wayata, da niyyar in leƙa na minti goma in fita.

Minti goman nan dare uku suka ci.

Ga wanda bai taɓa gani ba, bari in siffanta. Ana nuna maka hoton ɗaki maƙare da tarkace, kamar ɗakin tsohuwar da ba ta yar da komai: karyayyun kujeru, agogon bango da ya tsaya, kwalabe, tsofaffin littattafai, saƙar gizo-gizo ta ko'ina. A ƙasan hoton an jera maka sunayen abubuwa goma ko sha biyu: mabuɗi, almakashi, kyandir, gashin tsuntsu, allura, ƙoƙon kan mutum. Aikinka ka zuba ido ka gano kowanne, ka taɓa shi da yatsa, ya ɓace daga jerin. Mai zanen gwani ne. Zai sa almakashin ya saje da ƙafar kujera, ya kwantar da allura a jikin labule yadda sai ka wuce ta sau ashirin. In ka gama sai a bar maka ɗaya daga cikinsu, a ce mabuɗin, ka je ka buɗe ƙofar wani ɗakin, can kuma ka tarar da akwatin da ba ya buɗuwa sai ka warware wani kacici-kacici. A haka labarin ke tafiya: wata mata ta mutu a gidan shekara ɗari da suka wuce, wai ruhinta ya kasa hutawa, kai ne za ka tona asirin wanda ya zalunce ta. Ana ruwa da tsawa, ƙofa na kuka, wata inuwa na wucewa ta cikin madubi.

Abin ba sabo ba ne, kuma ba da fatalwa ya fara ba. Tushensa littattafan yara ne. A 1987 wani mai zane ɗan Ingila, Martin Handford, ya fitar da littafin da ake neman mutum ɗaya mai riga ja da fari a cikin cincirindon jama'a. A 1992 aka fara buga jerin littattafan I Spy a Amurka, inda ake ɗaukar hoton tarin kayayyaki a ce yaro ya nemo wasu. Da kwamfuta ta shiga gidaje, kamfanin Big Fish Games na birnin Seattle ya fitar da Mystery Case Files: Huntsville a 2005, wasan ɗan sandan ciki mai binciken laifuka, wanda ya buɗe wa wannan nau'i kasuwa. A 2006 suka fitar da Ravenhearst, labarin wani tsohon gida kusa da Blackpool a Ingila, inda mai wasa ke tattara shafukan littafin da wata budurwa mai suna Emma ta rubuta kafin mutuwarta, har ya 'yanto ruhinta daga gidan. Daga nan gidan fatalwa ya zama kamar gishiri a miyar waɗannan wasanni. Wasu kamfanoni, irin su Artifex Mundi na ƙasar Poland, suka bi sahu, yau kuma duk abin ya tare a cikin wayar da ke aljihunmu.

Kafin in soki abu, sai na faɗi alherinsa. Wanda na buga babu harbe-harbe a ciki, babu tsiraici, babu zagi. Yana neman natsuwa da haƙuri, abubuwa biyu da waya ta saba ƙwacewa daga hannun mutane. Yaro zai iya tsintar kalmomin Turanci da yawa a ciki. Kuma addininmu bai zo don ya hana mutane shaƙatawa ba. Uwar Muminai A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, ta tsaya a bayan Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam tana kallon Habashawa suna wasa da masu a masallaci har sai da ita ta gaji. Hanzala ya zo yana kuka da kansa cewa in ya koma cikin iyali zuciyarsa ba ta zama kamar yadda take a majalisin Annabi, aka kwantar masa da hankali cewa rai yana da lokacin wannan da lokacin wancan. Wasan da nassi ya ambata da hani shi ne nardu, na jefa ƙwaya a dogara da sa'a. Wasan dara irin na shaɗaranji kuwa malamai sun yi saɓani a kansa tun zamanin magabata. Saboda haka duba hoto a nemo almakashi, shi kaɗai, ban san dalilin da zai haramta shi ba.

Da a nan maganar ta tsaya, da tun daren farko na ba baiwar Allah amsa. Abin da ya faru a dare na uku shi ya sa nake wannan rubutu.

Al'adar gidana ce, bayan sallar Isha'i ƙaramin ɗana, ɗan shekara 7, yakan zo da allonsa ya biya mini haddarsa kafin ya kwanta. A daren ina zaune a kan tabarma, na kai wani ɗaki a wasan, na gano komai sai abu ɗaya: allura. Na ji kamar an ce "Abba", na ce "ina zuwa" ban ɗaga kai ba. Na bi bango, na bi silin, na bi ƙarƙashin tebur. Can sai ga ta a gezar labule. Wallahi har wani sanyi na ji a raina, kamar na tsinci kuɗi. Ina ɗaga kai sai na ga mahaifiyarsa tsaye a bakin ƙofa. Ta ce: "Malam, yaron nan fa ya fi rabin awa a gabanka." Na duba, ga shi ya yi barci a zaune, allon a kan cinyarsa. Tsakanina da shi bai kai taku biyu ba.

Da safe muna karyawa ya ce: "Abba, jiya na kai ƙarshen surar ban yi kuskure ko ɗaya ba. Sau biyu na biya, ba ka ji ba." Ba da fushi ya faɗa ba, labari kawai yake ba ni. Shi ya sa ma abin ya fi sukata. Ni da na shiga wasan don in yi wa 'yar wani fatawa, na ga allura a gidan da babu shi a duniya, ban ga ɗana a gabana ba.

Na daɗe ina juya abin a raina. Idona a buɗe yake, kunnena lafiya lau, yaron bai ɓuya ba. To me ya faru? Abin da ya faru shi ne, sunansa ba ya cikin jerin da aka rubuta mini a ƙasan hoton.

Masana halayyar ɗan Adam sun gwada wannan. A 1999 wasu masu bincike biyu a jami'ar Harvard, Daniel Simons da Christopher Chabris, suka nuna wa mutane wani gajeren bidiyo na 'yan wasa suna miƙa wa juna ƙwallon kwando, wasu da fararen riguna wasu da baƙaƙe. Suka ce a ƙirga sau nawa masu fararen riguna suka miƙa ƙwallon. Ana cikin haka sai wani da ya sa kayan goggon biri ya ratso ta tsakiyar 'yan wasan ya wuce. Kusan rabin masu kallo ba su gan shi ba sam, saboda suna ƙirga. A 2013 wasu masu bincike a Boston suka maimaita gwajin da ƙwararru: likitoci 24 waɗanda sana'arsu ita ce karanta hoton cikin jiki. Aka ba su hotunan huhu su nemo ƙananan ƙurajen da ke nuna cutar daji, aka saka ɗan hoton goggon biri a cikin ɗaya. 20 daga cikinsu ba su lura da shi ba, alhali na'urar da ke bin motsin ido ta nuna yawancinsu sun kalli daidai wurin.

Ashe ido ɗan aike ne. Abin da zuciya ta aike shi nema shi yake kawowa, sauran ya tsallake su ko da sun fi girma. Duk wanda ya rubuta maka jerin abin da za ka nema, shi ke riƙe da idonka har ka gama. Don haka tambayar da ta kamace mu game da wannan wasa ta wuce "me nake nema a ciki". Sai mun haɗa da "me yake wucewa ta gabana ina cikin neman". Na koma na duba da wannan idon, na ga abubuwa uku.

NA FARKO: AƘIDAR DA LABARIN YA GOYO

Kana can kana neman kyandir, ba ka tsaya ka tambayi don me kake nemansa ba. A wanda na buga, kyandir biyar ake tarawa a jera a kan wani zane a ƙasa, a ɗora wata laya a tsakiya, sai ruhin matar ya bayyana ya yi magana. Gaba ɗaya ginin labarin a kan abu ɗaya yake: wanda aka zalunta in ya mutu ba ya tafiya, yana nan yana gararamba a gida har sai rayayye ya ɗaukar masa fansa.

Wannan tunani ya girmi waya da kwamfuta. Larabawan jahiliyya sun yi imani cewa wanda aka kashe ba a rama masa ba, wani tsuntsu mai kama da mujiya yana fita daga kansa ya riƙa kuka a kan kabarinsa yana neman fansa. Suna kiransa hama. Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya kore wannan camfi ƙarara, hadisin yana cikin Bukhari da Muslim. A ƙarshen Suratul Mu'minun kuma Allah Ya ba mu labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ƙi, aka sanar da mu cewa akwai shamaki a tsakani har ranar tashi. Mamaci ba ya dawowa ya buɗe ƙofa ko ya leƙa madubi. Hakkin wanda aka zalunta kuwa ba ya ɓata, akwai ranar da za a biya shi, a gaban Alƙalin da ba Ya buƙatar wani ya tattara Masa shafukan littafi.

Su kansu Turawa sun sha wahalar wannan camfi. A 1848 a ƙauyen Hydesville na jihar New York, wasu 'yan mata biyu 'yan gidan Fox suka ce ruhin wani mamaci yana amsa musu tambaya da ƙwanƙwasa. Abin ya zama wata babbar ƙungiya ta masu kiran ruhohi a Amurka da Turai, mutane na biyan kuɗi don su ji daga 'yan'uwansu da suka rasu. Bayan shekara 40, a 1888, ɗaya daga cikinsu, Margaret, ta fito gaban jama'a ta nuna cewa da gaɓoɓin yatsun ƙafarta take yin ƙarar, ko da yake daga baya ta janye maganar. Yawancin kayan adon waɗannan wasanni, tebur mai kyandir, allon haruffa, matar da ke kiran matattu, daga wancan zamani aka kwaso su.

A fahimce ni da kyau. Ban ce wanda ya taɓa hoton laya a waya ya yi shirka ba. Baligi mai ilimi da ya san ƙage ne yana nan da imaninsa. Amma a lura da bambanci tsakanin jin labari da yin abu da hannunka. A nan kai ne mai tara layar, kai ne mai kunna kyandir, kuma in ka yi sai a yaba maka, a buɗe maka ƙofa. Wasan yana koya wa zuciya, sau da yawa a jere, cewa tsafi yana aiki kuma mai yinsa shi ne jarumi. Mu kuwa al'umma ce da dama can ba mu gama rabuwa da tsoron mujiya da labarin fatalwa ba, kuma bokaye da 'yan damfara a wannan gonar suke kiwo. Yarinya 'yar shekara 15 da aƙidarta ba ta gama ƙwari ba, bai kamata a bar ta ita kaɗai da wannan darasi kowane dare ba.

NA BIYU: TSORO

Wani zai ce, Malam, ai mu ma mun tashi da tatsuniyar Dodo. Gaskiya ne. Ɗan Adam yana jin daɗin tsoron da ya san ba zai cutar da shi ba. Gaba ya faɗi, sannan a yi dariya. Amma ku tuna yadda ake yin tatsuniya. A tsakar gida ake yi, yara a gewaye da kaka, kafaɗa na gogar kafaɗa. Muryar da ke ba ka tsoro ita ce muryar da ke lallashinka. In an gama kuma akwai rufewa, ƙurunƙus, har mai labarin ta amsa da bakinta cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Yaro zai kwanta ya san labari ne, kuma ya ƙare. Wannan wasan kuwa mutum shi kaɗai yake yi, a cikin duhu, da abin ji a kunne, babu kaka, babu ƙurunƙus.

Tsoro ni'ima ce da Allah Ya sa mana don mu guji maciji da wuta da rami. Annabi Musa, Alaihis Salam, ya juya da gudu da ya ga sandarsa tana motsi, ba a zarge shi ba. Abin da ake gudu shi ne a kashe wannan jari inda bai dace ba. Suratul Jinni ta ba da labarin mutanen da suke neman tsarin aljanu saboda tsoro, abin bai ƙara musu komai ba sai wahala. Suratu Saba'i kuma ta nuna mana iyakar aljanun nan da ake kambamawa: Annabi Sulaiman ya rasu yana dogare da sandarsa, suna ta aikin wahala a gabansa ba su sani ba, sai da gara ta cinye sandar ya faɗi. Aljanu gaskiya ne, amma bayi ne kamar mu, ba su san gaibu ba. Yarinyar da ke sallah biyar ta kasa taka tsakar gidan ubanta saboda zanen wani mai zane, wannan asara ce, ko da ba a kira ta zunubi ba.

Abu Dawud ya ruwaito cewa a wata tafiya wani sahabi ya yi barci, wani ya ɗauke masa igiya da wasa, ya farka a firgice, sai Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam ya hana a tsorata Musulmi. In har natsuwar zuciyar ɗan'uwanka tana da wannan daraja ko a cikin wasa, to taka zuciyar ma amana ce a hannunka.

Akwai kuma ɗaya gefen, wanda ya fi ba ni tsoro. An halatta mana ziyarar maƙabarta don tana tuna mana lahira. Wanda ya saba tona kaburbura da yatsa yana neman mabuɗi, ya saba ɗaga ƙoƙon kan mutum ya duba ƙarƙashinsa, a hankali kabari zai zame masa ko dai wurin firgici ko wurin wasa. Duka biyun ba su ne abin da ake so mumini ya ji ba in ya tsaya a bakin kabari.

NA UKU: LOKACI DA KUƊI

Waɗannan wasanni iri biyu ne. Akwai wanda kake saye sau ɗaya, labari ne mai farko da ƙarshe, cikin 'yan awanni ka gama. Akwai kuma na kyauta, wanda shi ya fi yawa a wayoyinmu. Shi wannan ba a gina shi don ya ƙare ba. Ana ba ka wani "ƙarfi" da ke raguwa duk sanda ka shiga ɗaki. In ya ƙare, ko ka jira ya taru, ko ka kalli talla, ko ka biya. Wayar za ta yi ƙara ta sanar da kai ƙarfinka ya cika. Akwai kyautar shiga kullum wadda in ka tsallake rana ɗaya sai ka koma baya. Wasu har da akwatunan da ake saye da kuɗi ba a san abin da ke ciki ba, irin waɗanda hukumar kula da caca ta ƙasar Beljiyam ta ce a 2018 caca ne. Wannan kam ba sai an yi dogon bincike ba, mun san hukuncin caca.

A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sanya larurar kamuwa da wasannin gem a cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022. Alamomin da ta kafa uku ne: mutum ya kasa riƙe kansa game da wasan, ya fifita shi a kan sauran al'amuran rayuwarsa, kuma ya ci gaba duk da yana ganin cutarwar, a yawancin lokaci na tsawon shekara guda. Ba kowane mai wasa ne ya kai nan ba, mafi yawa ba su kai ba. Amma kowa ya auna kansa da ukun nan tun abin yana ƙarami. Bukhari ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa lafiya da sararin lokaci ni'imomi biyu ne da mutane da yawa ake yi musu kamunga a kansu, wato su sayar da su a arha. Ni na sayar da rabin awar ɗana da allura.

AMSAR DA NA BA TA

Na ce mata: Hajiya, neman ɓoyayyen abu a hoto halal ne a asalinsa. Hukuncin yana canjawa da abin da aka lulluɓe shi da shi da kuma abin da ya jawo. Wanda aka gina a kan kiran ruhohi da haɗa tsafi da hannun mai wasa, a bar shi, akwai irinsa na binciken laifi da na tafiye-tafiye da babu wannan. Wanda ake biyan kuɗi a kan sa'a, a nisance shi. Duk wanda ya ci sallah, ko barci, ko hakkin wani, ya haramta a wannan halin ko da hoton furanni ne a ciki. Game da 'yarki kuwa, tun da ya riga ya sa mata firgici, wannan kaɗai ya isa dalilin ta bar shi.

Na ƙara da cewa kada ta fizge wayar da faɗa. Ta zauna kusa da ita ta ce ta nuna mata yadda ake yi, ta yaba mata kaifin idonta, sannan ta tambaye ta: ke a ganinki mamaci yana dawowa? Ta bar ta ta amsa da kanta. Kada a yi mata dariyar tsoron, kada ƙanne su riƙa razana ta. A raka ta tsakar gida har ta saba, a riƙa karanta Ayatul Kursiyyu da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi tare da ita kafin barci, wayar kuma ta kwana a ɗakin uwa. In firgicin ya ƙi tafiya ko ya hana ta barci, a haɗa da ganin likita, babu abin kunya a ciki.

Bayan mako guda ta sake rubuto mini. Ta ce sun zauna, yarinyar ta goge wasan da hannunta. Amma ta ce akwai maganar da ta hana ta barci. Da ta tambaye ta me ya sa take bugawa alhali yana ba ta tsoro, sai yarinyar ta ce: "Umma, ai da daddare kowa yana kan wayarsa, ni ma shi ne na samu abin yi."

'Yan'uwa, a nan maganar ta bar kan yarinya ta dawo kanmu. Da yawanmu ba mu taɓa buga wannan wasa ba, amma kowannenmu yana yawo da jeri a ƙasan idonsa. Wani nasa jerin farashin kaya ne, wani labarin siyasa, wani yawan waɗanda suka yaba rubutunsa, wani kuma, mu masu wa'azi, kurakuran wasu malamai. Muna da kaifin ido a kan abin da ke jerin. Matar da ta yi shiru kwana uku, maƙwabcin da hayaƙi bai tashi a gidansa ba, mahaifiyar da ta ce "ba komai" da muryar da ba tata ba, su ne suke ratsawa ta gabanmu muna ƙirga ƙwallo.

Babu abin da ya kai sallah neman tattara hankali, kuma babu wanda ya kai Annabi Sallallahu Alaihi Wasallam natsuwa a cikinta. Duk da haka ya tabbata a Bukhari cewa yakan shiga sallah da niyyar tsawaitawa, sai ya ji kukan yaro, ya taƙaita don tausayin uwarsa. Yana ganawa da Ubangijinsa, amma kunnensa bai toshe daga kukan jariri a sahun baya ba. Ni kuwa allura nake nema.

Na goge wasan a ranar. Da daddare na ajiye wayar a wani ɗaki, na ce wa yaron ya kawo allonsa. Ya biya surar, na ce ya sake, tun da sau biyu nake bin kaina bashi.

Yau in an yi Isha'i, kafin ka ɗauki waya, ɗaga kai ka duba wa ke zaune a gabanka.

Allah Ya buɗe mana idanun zukatanmu, Ya sa tsoronmu ya zama naSa Shi kaɗai, Ya yi albarka a lokacinmu da zuri'armu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne. Wallahu A'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.